An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Batirin Tsohuwar Mota da Laifin da Ba Nasa Ba

Duk wanda ya saba fita da sassafe a birnin Katsina lokacin hunturu ya san abin da zan faɗa. Daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Ƙwaya, ko a bakin tashoshin da ake lodin Daura da Jibiya da Dutsin-ma, da wuya a yi nisa ba a ga samari sun dafa bayan wata mota suna turawa ba, direba na ciki ya taka kuloci yana jiran ta ɗauki gudu ya saki. Kafin a kai ga turin, ya murɗa makulli ya fi sau biyar bai ji komai ba sai ƙas-ƙas, fitilun gaban sitiyari suka yi ja suka dushe. Hukuncin da ake yankewa a wurin ɗaya ne, kuma ko wanda bai taɓa ɗaga bonet ba zai iya yanke shi: batir ya mutu. Sai a nufi shago a sayo sabo, mota ta tashi da bugu ɗaya, kowa ya yi hamdala. Bayan mako uku ko wata biyu sai ga samarin nan sun sake dafa bayan motar nan. Ra'ayina shi ne, a tsohuwar mota, batirin da ya wayi gari babu wuta sau da yawa shi ne wanda aka zalunta, mai laifin kuwa yana laɓe a wani wuri ƙarƙashin bonet. Ana iya kama shi cikin minti goma da awo uku, tun kafin a fitar da ko sisi.

Maganar ta fi shafar gari irin Katsina saboda irin motocin da ke yawo a cikinsa. Har yau ana ganin Peugeot 504 da 505, 'ya'yan masana'antar PAN ta Kaduna wadda ta fara harhaɗa motoci a 1975, suna jigilar kaya da mutane zuwa kasuwanni irin su Caranci da Mai'aduwa. Golf da 406 da Corolla da Accord da suka cika tituna kuwa yawancinsu 'yan Kwatano ne, sun riga sun ci ƙuruciyarsu a Turai ko Amurka kafin su iso nan. Daga watan Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa na tudu, sannan a watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da ake sayarwa ƙasa da naira 500 a hukumance ta haura 1,500 kafin shekara ta zagayo. Abin da ya biyo baya kowa ya gani: wanda ya yi niyyar canza mota ya haƙura ya ci gaba da lallaɓa ta hannunsa, batir kuwa, wanda mafi yawansa daga waje ake kawo shi, ya zama kayan da sai an yi shawara da aljihu kafin a taɓa. A irin wannan hali, sayen batir bisa zato asara ce da magidanci ba zai iya ɗauka sau biyu a shekara ba.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar lamarin ita ce a ɗauki batir a matsayin randa. Randa ba ta haƙo ruwa, ajiya kawai take yi. Haka batirin mota, wanda asalinsa ƙirƙirar wani Bafaranshe ne mai suna Gaston Planté a 1859: farantan dalma ne jiƙe cikin ruwan asid, an raba su ɗaki shida, kowane ɗaki yana riƙe da wuta kusan bolt 2.1, jimilla 12.6 idan ya cika. Babban aikinsa shi ne ya juya kik na 'yan daƙiƙu har injin ya kama, aikin da ake yi da hannu da ƙarfin damtse kafin Charles Kettering ya sa wa motar Cadillac kik na lantarki a 1912. Da zarar injin ya tashi, sai aiki ya koma hannun altaneta, wadda fambel ke juyawa. Ita ce mai ga-ruwa: ita ke ciyar da fitilu da fanka da rediyo da fulogi, ta kuma mayar wa randa abin da aka ɗiba. Kamfanin Chrysler ne ya fara sa ta a motocin kasuwa a 1960, a hankali ta kori tsohon dinamo. To idan aka wayi gari randa babu ruwa, dalili ba ya wuce huɗu. Ko mai ga-ruwa bai kawo ba, ko ya kawo amma ya zube a hanya, ko wani yana ɗiba cikin dare, ko kuwa randar ce ta tsage. A cikin huɗun nan, na ƙarshe ne kaɗai sabon batir ke magancewa.

Abin da ke rarrabe su 'yar mita ce ta awon wuta, irin wadda masu gyaran rediyo da waya ke riƙewa, kuɗinta bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin batir mai kyau ba. Awon farko ana yin sa mota a kashe, bayan ta huta sa'o'i, zai fi kyau da safe kafin a taɓa makulli. A sa jan tsinken mita a kan batir mai alamar tarawa, baƙin a kan mai alamar ɗebewa. Idan ta nuna 12.6, randa a cike take. 12.4 na nufin an sha kusan kashi ɗaya cikin huɗu, 12.2 rabi ke nan, 12.0 kuwa saura kaɗan a ga gindi. Idan aka ga lamba a wajen 10.5, galibi ɗaki ɗaya ne cikin shidan ya mutu, kuma wannan batir ya gama aiki. Sai dai a lura, ƙaramar lamba irin 12.0 ba ta ce batir ya lalace ba, cewa ta yi babu ruwa a randa, ba ta faɗi dalili ba. Don haka batirin da aka samu a ƙasa sai an kai shi wurin masu caji ya kwana ya cika tukuna a yi masa shari'a. Yanke wa batir hukunci alhali yana cikin yunwa, daidai yake da a gwada ƙarfin ɗan dako da ya kwana biyu bai ci ba.

Awo na biyu ana yin sa lokacin da wani ke murɗa makulli. Kik na zuƙar wuta mai yawa, amfiya 100 zuwa 200 a ƙaramar mota, don haka dole lamba ta faɗi, amma batir mai lafiya da ya cika ba ya sauka ƙasa da 9.6. Wanda ya nuna 12.6 yana zaune, da aka ɗora masa kaya ya zube zuwa 7 ko 6, wannan shi ne tsagaggiyar randa ta gaskiya. Awo na uku shi ne ke tona asirin altaneta. A bar injin yana aiki, a ɗan taka totur, a sake aunawa a kan batir. A tsohuwar mota ya kamata a ga tsakanin 13.8 da 14.5. Sannan a kunna manyan fitilu da fanka da esi, lambar za ta ɗan sauka, amma kada ta gaza 13.5 idan an ɗaga totur. Idan injin na aiki mita kuma ta tsaya a 12.3 ko tana ci gaba da raguwa, to mota cin batir take yi tana tafiya, ko batirin da aka ɓare daga kwali yau aka sa mata haka za ta cinye shi. Masu Honda su yi hattara da abu guda: yawancin Accord da Civic tun daga shekarun 1990 suna rage caji da gangan zuwa wajen 12.5 idan babu abin da ke cin wuta, don rage shan mai. A kunna fitilu tukuna, idan lamba ta yi tsalle zuwa 14 altaneta lafiyarta lau.

Ko da awo na uku ya nuna babu caji, bai kamata a yi gaggawar kwance altaneta ba. Hankali shi ne a fara da abin da ya fi araha. Fambel ne farko. Wanda ya saki ko ya yi santsi don tsufa da ƙura, zamewa yake a kan fuli maimakon ya juya shi, kuma yana faɗin ciwonsa da bakinsa: ƙarar tsiwa da ake ji da safe ko lokacin da aka kunna fitilu. A tsofaffin motoci, idan aka danna shi da babban yatsa ya lotsa fiye da kusan santimita ɗaya, yana neman ɗauri. Na biyu kawunan batir. Farin garin nan ko kore da ke taruwa a kansu yana toshe hanyar wuta, kuma kan da ke juyawa da hannu bai kama ba. Al'adar buga shi da dutse ko cusa ƙusa a tsakani tana tayar da mota yau, gobe ta fasa murfin batir asid ya riƙa tsattsafowa. Ruwan kanwa kaɗan yana kashe kaifin asid ya wanke garin, muddin ba a bari ya shiga cikin batirin ba, sai a goge, a ɗaure tam, a shafa giris. Na uku ita ce kakkaurar wayar da ta haɗa batir da bodi da injin, wadda kowa ke mantawa da ita. Wuta sai ta je ta dawo, kuma ta wannan waya take dawowa. A motar da ta shekara 25, an sauke injinta an mayar ba sau ɗaya ba, sau da yawa za a tarar wayar ta yi tsatsa ko silinta sun tsittsinke saura kaɗan. Gwajinta mai sauƙi ne: injin na aiki, a auna wuta tsakanin babban notin bayan altaneta da jikinta, a sake aunawa a kan batir. Idan bambancin ya wuce rabin bolt, ruwa a hanya yake zuba.

Akwai kuma wani ƙaramin abu da ke kunyata manyan masu gyara, wato 'yar jar fitilar nan mai hoton batir da ke gaban direba. A tsofaffin motoci da yawa, aikinta ya wuce gargaɗi. Ta cikinta ne ɗan abin wutar da ke farkar da altaneta ke bi, kamar yadda ake zuba wa famfon rijiya ruwa kaɗan kafin ya fara jawo nasa. Idan ƙwanta ya ƙone, ko wani ya cire shi don ya gaji da ganin ja, altaneta na iya ƙin fara caji sam, ko ta ƙi sai an taka totur da ƙarfi. Shi ya sa ya kamata direba ya saba da kallonta: idan an buɗe makulli ta kama, idan injin ya tashi ta mutu. Wadda ba ta kama ba tun farko ta fi wadda ta ƙi mutuwa haɗari, domin ta farkon shiru take yi. Sai an wuce duk waɗannan ne za a buɗe cikin altaneta, kuma a can ma abin da ke lalacewa ƙanana ne. Akwai burushi biyu na gawayi da ke gugar sanda mai juyawa, suna cinyewa da tsawon tafiya, ƙurar hunturu da man injin da ke ɗiga a kansu suna ƙara musu sauri. Akwai diyod, ƙananan ƙofofi masu barin wuta ta wuce su hana ta komowa. Akwai kat'awut, mai kayyade yawan caji. Idan shi ya lalace yana iya sakin wuta ta haura 15, batir ya riƙa tafasa, ana jin wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, ƙwayayen fitila na ƙonewa a kai a kai, jikin batir ya kumbura. Kowanne cikin ukun nan ana canza shi shi kaɗai, a kuɗin da bai kama ƙafar na sabon batir ba.

Idan batir ya ci jarrabawa, caji ma ya ci, amma mota ba ta tashi in ta kwana biyu a ajiye, to ɓarawon dare ne. Lissafinsa a fili yake. Ƙwan fitilar but mai wat 5 da ya ƙi mutuwa bayan an rufe yana shan kusan amfiya 0.4. A yini da kwana ya sha kusan 10 daga cikin 60 da matsakaicin batir ke ɗauka, a kwana uku ya raba randa biyu. Rediyon da aka haɗa kai tsaye da batir ba ta makulli ba, na'urar ƙara sauti, ƙararrawar ɓarayi, na'urar bin sawun mota, cajar waya da aka bari a soke, duk suna cikin waɗanda ake tuhuma, kuma tsohuwar mota da ta ratsa hannun mutum biyar kowa ya bar mata nasa ƙarin waya. Gwajin talaka shi ne a kashe mota, a cire kan batir mai alamar ɗebewa a bar shi ya kwana. Idan an mayar da safe ta tashi garau, ɓarawon na cikin mota. Idan ya sauka duk da an raba shi da mota, shi ke cin kansa. Mai mita zai iya sa ta tsakanin kan batir da wayarsa ya ga abin da ke fita. Duk abin da ya wuce kusan kashi 50 cikin dubu na amfiya ya yi yawa, sai a riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya har lamba ta faɗi. In an zare duka bai daina ba, a koma kan altaneta, domin diyod da ya fashe yana barin wuta ta sulale baya cikin dare, wato mai ga-ruwan da ya cika randa da rana shi ke dawowa ya kwashe.

Mai karatu zai iya cewa, duk wannan dogon Turanci na mene ne, alhali masu wayarin suna da gwajinsu da suka gada: a tayar da mota, a cire kan batir, in ta ci gaba da aiki altaneta na caji, in ta mutu ba ta yi. Gwajin yana da asali, daga zamanin dinamo ya fito, lokacin da babu wani abu mai laushi a cikin mota da wuta za ta ƙona. Amma yana da aibi biyu. Na farko, yana ƙarya. Wutar da injin ke buƙata don kada ya mutu kaɗan ce, altanetar da ta rasa rabin ƙarfinta ma za ta iya bayarwa, sai a ce lafiyarta lau alhali ba za ta iya ɗaukar fitilu da fanka ta kuma cika batir ba. Wadda ke caji fiye da kima ma cin wannan gwaji take yi. Na biyu, yana ɓarna. Batir shi ne ke shanye tsallen wuta, kuma idan aka raba shi da altaneta tana cikin aiki, wutar na iya harbawa ta wuce bolt 40, wani lokaci ta doshi 100, na ƙiftawar ido. Wannan ya isa ya ƙona diyod, ko kat'awut, ko ƙwaƙwalwar mota, kuma Golf 3 da 406 da Accord duk suna da ita. Ɓarnar ba lallai ta bayyana nan take ba, shi ya sa ba a danganta ta da gwajin. Hukuncin ɗaya ne da dabarar tayar da mota da batirin maƙwabci sannan a zare shi a mayar da naka injin na aiki. Wanda ya ce ya shekara 20 yana yi bai ga komai ba, a tambaye shi altaneta nawa ya canza wa mutane a shekarun nan bai san abin da ya kashe su ba.

Wani kuma zai ce, a Katsina ai batir ne ke mutuwa da gaske, zafi ke kashe shi, ga kuma jabu ya cika kasuwa. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, ba kuma zan musa ta ba. A watan Afrilu zafin garin nan yana haura digiri 40 a inuwa, balle ƙarƙashin bonet kusa da injin. Masana batir suna da ƙiyasin cewa duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana kusan raba rayuwar batirin dalma biyu, domin zafi na ƙafar da ruwansa ya kuma cinye farantansa. Shi ya sa batirin da zai shekara biyar a Jamus ba a sa ran ya kai haka a nan. Bazara ce ke yi masa rauni, hunturu kuwa tona asiri kawai yake yi, lokacin da sanyin asuba ya rage masa kuzari ya kuma sa man injin ya yi kauri. Haka nan gaskiya ne akwai batiran da abin da aka rubuta a jikinsu ya fi abin da ke cikinsu, da waɗanda suka daɗe a shago har suka fara lalacewa tun ba a saya ba. Amma duk wannan hujja ce ta a auna, ba ta a daina awo ba. Idan batir ne ya mutu, awo na biyu zai nuna cikin daƙiƙa biyar, a saya da kwanciyar hankali. Mitar nan kuma ita ce garkuwar mai saye a shago: batirin da ake cewa sabo ya nuna ƙasa da 12.4, ya daɗe a zaune, a nemi wani, a kuma karɓi rasit da sharaɗin garanti a rubuce.

Tunda zafi ba ya hannun kowa, abin da ya rage shi ne kada a taya shi ɓarna. Batirin da ake buɗe murafunsa yana buƙatar a leƙa shi ko sau ɗaya a wata a lokacin bazara, a tabbatar ruwa ya rufe farantan. Abin da ke ƙafewa ruwa ne, asid yana nan, don haka tataccen ruwa zalla ake ƙarawa. Ruwan rijiya ko na burtsatse ko na leda yana ɗauke da gishirin ƙasa da ke gurɓata farantan, ƙarin asid kuma ƙara musu ci yake yi. Masu zubar da ruwan tsohon batir su ɗura sabon asid suna samun mota ta tashi na 'yan kwanaki, amma farin gishirin da ya riga ya daskare a kan farantan saboda daɗewa cikin yunwa yana nan bai motsa ba. Ƙurar da ta jiƙe da danshin asid a saman batir ita kanta hanya ce da wuta ke bi tana tsiyaya, tsumma ya ishe ta. Batirin da ba a ɗaure ba yana tsalle a kan ramukan hanya har farantansa su zube. A kuma tuna batir na fitar da iska mai kamawa da wuta lokacin caji, don haka taba sigari da ashana da gwada tartsatsi da sufana a kansa ganganci ne da kan iya cin ido.

Hujjar da ta fi ruɗin mutane ita ce ta uku: an sa sabon batir, mota ta warke, me kuma ake nema? Amsar tana cikin misalin randa. Sabuwar randa a cike take zuwa. Idan altaneta na bayar da rabin abin da ya kamata, motar da ke yawon rana cikin gari ba tare da fitilu ba za ta iya yin makonni tana cin wannan guzuri a hankali. Ranar da aka kamo hanyar Kano da dare, tafiyar kusan kilomita 170, manyan fitilu biyu masu wat 55 kowace suna shan kusan amfiya 9, ga fanka ga rediyo, a ranar ne asiri zai tonu, kuma a zamanin da muke ciki ba wanda ke fatan mota ta mutu masa a daji bayan magariba. Sannan kowace faɗuwa ƙasa tana rage wa batirin mota kwana, domin an yi shi ne don ya ba da wuta mai yawa na ɗan lokaci a mayar masa nan take. Bayan ya faɗi sau uku ko huɗu sai ya mutu da gaske, a ce ai jabu ne aka sayar. Ta haka altaneta ɗaya mai burushin da ya cinye za ta binne batir uku a jere, kowanne a ɗora masa laifi. Haka kuma kuskure ne a tura mota ta tashi a ce zagaye biyu a gari zai cika batirin da ya yi ƙasa ƙwarai. Wannan aikin sa'o'i ne a kan injin caji, ɗora wa tsohuwar altaneta shi cikin zafi kuwa gajarta mata kwana ne.

Saura mai cewa shi ba ma'aikacin lantarki ba ne, aikin masu gyara ne. Haka ne, ba kuma ana neman kowane mai mota ya iya warware altaneta ba. Abin da ake nema ya san lambobi uku, 12.6 da 9.6 da 14, kamar yadda mai hawan jini ya san lambarsa ko da bai karanta likitanci ba. Dalili kuwa, sau da yawa wanda ake tambaya ko batir ya mutu shi ne mai sayar da batir, kuma ko mutum ya kai kowa tsoron Allah, abin da ke shagonsa shi zai fara zuwa masa a rai. Masu wayarin na garejojin Katsina mutane ne masu basira, suna naɗe altaneta da hannu, suna rayar da abin da a Turai shara za a jefa. Mita ba ta rage musu daraja, ƙara musu take yi, domin wanda ya nuna wa mai mota lamba da idonsa ya huta da zargi idan abu ya sake tasowa. Da ƙungiyar makanikai ta NATA da makarantu irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina za su haɗa hannu su koya wa yaran gareji awon nan uku da haɗarin cire kan batir, darasi ne na yini guda da zai bi yaro har tsufansa.

Asarar ma ba ta tsaya a aljihu ba. Kowane batir da aka kashe kafin kwanansa yana ɗauke da dalma mai nauyin kilo da yawa, kuma yawanci hannun 'yan gwangwan yake faɗawa, a fasa shi da gatari, a tuttular da asid a ƙasa, wani lokaci a narka dalmar a kusa da gidajen mutane. Dalma guba ce da ta fi cin ƙananan yara, tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa. A unguwar Thiaroye da ke gefen Dakar a Senegal, yara 18 suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 saboda ƙurar dalmar tsofaffin batiran mota da ake fasawa a unguwar. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga irin wannan guba a 2010, ko da yake tasu daga duwatsun zinariya ta fito, inda yara sama da 400 suka rasu. Tsohon batir ba kujerar zama ba ne a tsakar gida, ba kuma abin wasan yara ba ne. A mayar da shi ga mai shago a rage kuɗin sabo.

Saboda haka, ya kai mai tsohuwar mota, ranar da ka murɗa makulli ka ji ƙas-ƙas, kada ka fara da tambayar nawa ne batir. Ka sa a cika shi tukuna, sannan a auna shi a zaune, a auna shi ana bugun kik, a auna shi injin na aiki da fitilu a kunne. Ka duba fambel da kawunan batir da wayar bodi da 'yar jar fitila kafin a taɓa altaneta, kada kuma ka yarda kowa ya cire kan batir motarka na aiki, komai furfurarsa a sana'a. Idan bayan duk wannan batirin ne ya gaza, ka saya, kuɗinka bai tafi a banza ba. Idan kuwa ba shi ba ne, ka tsira da kuɗin buhun hatsi, ka kuma kama jakin maimakon ka ci gaba da dukan taiki.